Ina son yin digiri na biyu a tarihi amma Baba ya ce labarin matattu ba ya ɗora tukunya

Anti assalamu alaikum, ya gida ya aiki. Dan Allah a sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a nan Kumasi, a Aboabo nake zaune, shekarata 29, ina da aure da yaro ɗaya. Na yi digirin farko a Cape Coast a fannin tarihi da koyarwa, yanzu ina koyar da yaran JHS, wato ƙaramar sakandare. Na daɗe raina na son in koma in yi MPhil, wato digiri na biyu mai bincike, a tarihi a Jami'ar Gana da ke Legon a Akra, musamman saboda wani akwatin ƙarfe da kakanmu ya bari cike da takardun ajami da larabci, wasiƙu ne da lissafin goro da sunayen mutane, duk gidan ba mai waiwayarsu sai ni, kuma na yi allo na yi islamiyya ina iya karanta yawancinsu. Matsalar Baba ya ce sam, wai labarin matattu ba ya ɗora tukunya, in karatun nake so in yi lauya ko harkar kasuwanci. Maigidana bai hana ba amma kullum tambayarsa wa zai biya, wa zai riƙe yaro in na tafi Akra. Wata ƙawata kuma ta ce in ajiye aikin kawai in tafi Allah zai rufa asiri. Anti kaina ya kulle, ki ban shawara.

Wa alaikumussalam ƙanwata. Bari in fara da ƙawar nan taki dan maganarta ce ta fi ba ni tsoro. Kar ki ajiye aikinki. Ko da wasa. Allah na rufa asiri ƙwarai, amma albashin nan da kike gani ƙarshen wata shi ma rufin asirin ne, kuma kin fi ni sanin yadda waɗanda suka gama makaranta suke zaman jiran a ɗauke su aikin koyarwa, wasu shekara da shekaru. In kika fita ba wanda zai riƙe miki kujerar. Ita ƙawar taki ranar da makaranta ta ce a biya kuɗin zango na biyu ba ita za a kira ba.

Sai Baba. Ni dai ba zan ce miki bai san abin da yake faɗa ba, dan rabin maganarsa gaskiya ce kuma gara ki ji ta daga bakina tun yanzu. Digiri na biyu a tarihi ba hanyar kuɗi ba ce. Ayyukan da ke jiran mai wannan takarda ƙidayayyu ne: koyarwa a siniya, koyarwa a kwalejin horar da malamai inda yanzu suke neman mastas mai bincike irin MPhil ɗin nan, hukumar gidajen tarihi, ma'aikatar adana takardun gwamnati wato PRAAD, sai ɗan aikin bincike da ƙungiyoyi ko malaman jami'o'in waje ke ɗaukar mutum na 'yan watanni. Jami'a kuwa in kina so ki zama cikakkiyar lakcara sai da dakta, MPhil iyakarta ta kai ki bakin ƙofa a matsayin mataimakiya, shi ma in an samu gurbi. To in lissafinki shi ne ki gama ki sai mota ki koma Ahodwo unguwar masu kuɗi, Baba ya fi ki gaskiya. Abin da ya ɗan gyaru shi ne tun 2019 an dawo da tarihin Gana cikin darussan firamare, ke nan ana buƙatar masu koyar da malaman da za su koyar da shi, amma wannan ƙofa ce ƙarama ba babbar hanya ba.

Duk da haka shawarata ita ce ki yi. Ba dan kina son tarihi ba, masu son tarihi suna da yawa kuma yawanci labari suke so a ba su, in aka ce su zauna wata uku suna karanta fayil ɗin da ƙura ta cinye sai son ya gudu. Ki yi saboda abin da kika faɗa a tsakiyar wasiƙarki kamar ba komai ba ne, wai kina iya karanta ajami da larabci kuma ke 'yar zango ce, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi musulmi a ƙasar nan. Ƙanwata wannan shi ne jarinki, ya fi digirin farkon naki tsada a wannan fannin. Je ki duba ajin mastas na tarihi a kowace jami'a a ƙasar nan ki ƙirga mutum nawa ne za a miƙa musu wasiƙar fatake ta ajami su karanta. Yawancinsu Turanci kawai ke hannunsu sai Twi ko Ga ko Ewe na yin hira, dan haka kowa ya ruga kan takardun Turawan mulkin mallaka da na mishan, tarihin Asante da na bakin teku an rubuta an sake rubutawa, mu kuwa da muka fi shekara ɗari biyu muna rubutu a garin nan sai a ba mu sakin layi ɗaya a ce baƙi 'yan arewa. Baturen Ingila Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da musulmi a kusa da fadar sarkin Asante suna masa rubutu, kuma akwai tarin takardun larabci na musulmin Kumasi na wancan zamanin da suke ajiye har yau a laburaren sarauta na Kopenhagen a Denmak. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salga, tsohon garin kasuwa a arewacin Gana, kuma ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Hausa da larabci har da na zuwan Nasara. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, wadda Nkrumah ya buɗe a 1963, ta bi gidajen malamai tana aron takardu tana kwafa tana mayar musu, su Ivor Wilks masanin tarihi ne a kan aikin, aka tara ɗaruruwa. Suna nan a Legon. Masu buɗe su ne ba yawa. Kuma in kin lura mafi yawan waɗanda suka yi fitattun rubuce-rubuce a kan zango Turawa ne, irin su Enid Schildkrout da ta yi aiki a zangon Kumasi, Deborah Pellow a Sabon Zango na Akra, Paul Lovejoy kan fataucin goro, sun yi ƙoƙari ba wanda zai raina musu, amma akwai ɗakin da ke za ki yi sallama ki shiga ki zauna a kan tabarma wanda su sai dai a ba su kujera a zaure.

Sai dai akwatin kakanku ba shi ne bincike ba, nan ne nake so ki natsu. In kika je gaban malaman sashen tarihi kika ce ina da tsofaffin takardu za su ce madalla, to mece ce tambayarki? Digirin nan gaba ɗayansa tambaya ɗaya ce da za ki bi shekara biyu, shekarar farko aji da samina da karatun abin da magabata suka rubuta da yadda suka saɓa wa juna, ta biyu kuma bincike da rubuta kundi. Tarihin Hausawa a Gana ba tambaya ba ce, wannan aikin rayuwa ne. Amma misali ki ce, ta yaya fataken goro na Kumasi suke ba juna bashi da amana ba banki ba kotu, kuma me ya canza da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903 goro ya ƙara bin teku zuwa Ikko maimakon hanyar Salga, wannan tambaya ce, kuma littafin lissafin kakanku zai iya yin magana a kai. Ko ki ɗauki dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta Nuwamban 1969 da aka ba mutane sati biyu su tattara su bar ƙasar, ki tambayi me ya faru da gidaje da shaguna da auren da aka raba a unguwa ɗaya tak, Aboabo ɗin nan taku. Ni wannan ta fi ci min rai, dan wanda yake saurayi ko budurwa a lokacin yanzu ya haura saba'in, kowace shekara muna kai wasunsu makwanci da abin da suka sani. Ko rikicin siyasar zango daf da samun 'yanci, jam'iyyar musulmi ta MAP, da yadda a 1957 gwamnatin Nkrumah ta yi doka ta musamman ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya. Ko matan zango, masu tuwo da masu koko da dillalai da masu adashi da suka gina gidaje suka biya wa 'ya'ya makaranta, waɗanda in kin juye fayil ɗin Bature daga farko har ƙarshe ba za ki ga sunansu ba sai in an kai su kotu. Zaɓi ɗaya ki matse ta, unguwa ɗaya, shekara ashirin ko talatin. Ɗalibai da yawa ba rashin ƙwaƙwalwa ke kashe su ba, ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuyansu ne.

Yanzu maganar Legon. Na gane dalilinki, sunan ya yi, laburaren Balme na can, takardun larabcin na can, babban ofishin PRAAD na Akra, sashen tarihin nasu kuma shi ne inda marigayi Farfesa Adu Boahen, shahararren masanin tarihin Gana, ya koyar. Amma ke a Kumasi kike da miji da ɗa da aiki, kuma Tek, wato jami'ar KNUST, na bayan gidanku, suna da sashen tarihi da nazarin siyasa kuma suna yin digiri na biyu. Mutanen da za ki yi hira da su a Kumasi suke, reshen PRAAD na jihar Ashanti a Kumasi yake, ma'ajiyar takardun fadar Manhyia mai ɗauke da bayanan shari'o'in kotun Asantehene, wato sarkin Asante, a Kumasi take, kuma rigimar fili da haya tsakanin 'yan zango da masu ƙasa irin wuraren nan ake tono su. Ko da a Legon kika yi rajista shekara ta biyu nan za ki dawo. Dan haka tambayar ba wace jami'a ta fi suna ba ce, wane malami ne zai kula da aikinki. Wallahi wannan ya fi komai. Sufabaiza nagari a ƙaramin sashe ya fi shahararren farfesa da za ki tura wa babi ya yi wata huɗu bai buɗe ba dan yana taro a Landan, kuma kowace shekarar da kika ƙara bayan biyun nan kuɗi za ki ƙara biya. Shiga intanet ki duba sunayen malaman sassan biyu da abin da suka rubuta, ki nemi wanda ya taɓa aiki kan musulunci ko ƙaura ko kasuwanci ko arewa, ki rubuta masa gajeren saƙo da shafi biyu na abin da kike son yi. Sannan, wannan ba a rubuta shi a fom, ki nemi ɗalibansa na baya ki tambaye su a gefe: yana karanta aiki? yana dawo da shi da gyara? mutum nawa suka gama a hannunsa kan lokaci? Su za su gaya miki abin da ofis ba zai faɗa ba. Kundayen da aka gama a Legon da yawa suna kan shafinsu na UGSpace kyauta, sauke biyu ko uku na tarihi ki karanta daga bango zuwa bango kafin ki sai fom, in kika ji za ki iya rubuta irinsu ko ma kin ga inda suka yi sakaci to alama ce mai kyau, in kuwa barci ya ɗauke ki a shafi na goma kowane dare, to ki sake tunani tun kuɗinki na jakarki.

In malamin da ya dace a Legon yake to sai a yi maganar shekara ɗaya ta aji, Madina na kusa da makarantar kuma da wuya a ce ba ku da ɗan uwa ko a can ko Nima ko Mamobi. Amma kar ki yaudari kanki da cewa za ki riƙa hawa bas ɗin VIP duk Juma'a ki dawo Lahadi, hanyar nan kin santa, kuɗin mota kaɗai zai cinye ki balle gajiya.

Kuɗi. Tambayar maigidanki tambayar mai hankali ce, kar ki ɗauke ta a matsayin hanawa ta bayan gida. Amsa yake so, ki ba shi a rubuce. Karɓo takardar kuɗin makaranta ta bana, ki ɗora na mota, na data, na hoto da buga takardu, na ɗan goron da za ki riƙa kai wa tsofaffi dan ba a zuwa gaban dattijo hannu rabbana, ki ninka na shekara biyu ki ƙara rabin shekara saboda tsaro. GES, hukumar ilimi da kike wa aiki, na da tsarin hutun karatu da albashi, amma akwai adadin da suke bayarwa kowace shekara, akwai fannonin da suka fi fifitawa, akwai shekarun aikin da sai kin cika, kuma za ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi musu aiki. Je ofishin ilimi na yankinku da kanki ki tambaya, kar ki dogara da abin da aka faɗa a ɗakin malamai. Ki nemi tallafin asusun ilimi na GETFund da na ofishin sikolashif na gwamnati, amma ki sa a ranki kamar ba za su zo ba, in sun zo alhamdulillah. In lissafin bai fita bana ba, ki ɗaga zuwa baɗi ki shiga adashi, shekarar ba asara ba ce dan hirar tsofaffin nan ba sai da katin ɗalibta ake fara ta ba, wayarki ta isa. Ki nemi izininsu kafin ki ɗauki murya, ki rubuta suna da rana da wuri, ki ajiye kwafi a wuri biyu. In kin shiga makaranta za su gaya miki ƙa'idarsu ta neman izini sai ki daidaita.

Akwai wani abu da ba kowa zai faɗa miki ba. Zamanki 'yar gida zai buɗe miki ƙofa, amma shi ne kuma zai ɗaure miki hannu. Tarihi ba kirari ba ne. Za ki tarar da abin da ba dadi, kasuwar Salga ba goro kaɗai ake sayarwa ba har da bayi, kuma akwai Hausawa cikin masu saye da sayarwa. Sojojin da Turawa suka kira Hausa, tun na Kyaftin Glover a yaƙin 1874 har zuwa yaƙin da aka yi da Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante, a 1900, da su aka ci Asante, wasu gidajen zango daga nan asalinsu yake. Za ki ji gida biyu kowanne na cewa kakansa ne ya fara sauka a unguwar, kuma rigimar sarauta na nan da ranta a kan wannan maganar. Mai yiwuwa ma a cikin akwatin naku ki ga bashin da kakanku bai biya ba ko sunan wata baiwa. Bature in ya rubuta ya hau jirgi ya tafi, ke kuwa gobe za ki haɗu da jikokin mutumin a gidan suna. Ba cewa nake ki ɓoye gaskiya ba, in za ki ɓoye gara kar ki fara, amma ki koyi auna magana: abin da dattijo ya faɗa ki gwada shi da na wani dattijon da kuma takarda, inda suka saɓa ki ce sun saɓa, inda ya kamata a sakaya suna ki sakaya. Kin yi islamiyya, kin san yadda malaman hadisi ke bin wa ya ji daga wa, to kusan aikin ke nan.

Akwatin kuma dan Allah tun yau, kar ki kai a yi musu laminetin, zafi da roba na lalata tsohuwar takarda kuma ba a cirewa. Kar ki liƙa salatif. Kar ki sake musu jeri dan kin ga kamar a hargitse suke, yadda mai su ya tara su ma bayani ne. Ɗauki hoton kowace gaba da baya a yadda kika same su, ki ɗaga akwatin daga ƙasa saboda damshi da gara, kuma ko wane farfesa ne ya ce ki ba shi na asalin ya duba, hoto za ki ba shi. Kuma ki tuna kayan gado ne ba naki ke kaɗai ba, ki sanar da baffanninki da gwaggwanninki kafin wani ya ji a waje cewa kina kai takardun gida jami'a, kin san mu da zargi, sai a ce an sayar wa Turawa. In tarin ya kai a yi maganarsa, Laburaren Birtaniya na da shiri na musamman da ke ba da tallafin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin lalacewa ba tare da an raba su da masu su ba, sufabaizan kirki zai san hanyar.

Shi kuwa Baba kar ki je masa da gardama, ba za ki ci ba, kuma ko kin ci kin faɗi. Kar ki ce masa ai Adu Boahen malamin tarihi ne har ya yi takarar shugaban ƙasa a 1992, zai ce miki to ya ci? Ɗauki wasiƙa ɗaya daga cikin akwatin, wadda ubansa ya rubuta da hannunsa, ki same shi bayan la'asar ki ce Baba akwai sunan da na kasa ganewa a nan, wane ne wannan. Ki yi shiru ki bar shi. Mutumin da ke cewa labarin matattu ba shi da amfani zai iya kai ki magariba yana ba ki labarin wanda ya yi wa ubansa dillanci da wanda ya cuce shi. In yana da malamin da yake jin maganarsa, shi ma a sa shi a ciki, ya tuna masa cewa Imam Ɗabari mai tafsirin nan da ake ji da shi shi ne kuma ya rubuta babban littafin tarihi. Ba lallai ya ce ya yarda rana ɗaya ba, iyayenmu ba sa janye magana a fili, in kika ji ya ce to Allah ya ba da sa'a ko da fuska a ɗaure ne ki karɓa ki yi godiya. Abin da yake tsoro shi ne ki bar tabbas ki kama gaibu, in ya ga aikinki na nan, mijinki ya amince, lissafi a rubuce, rabin faɗan ya mutu.

Maganar lauya kuwa, in ba ranki ke so ba kar ki shiga dan a ce an faranta wa wani, ita ma sai kin sake digirin shari'a sannan horon zama lauya, shekaru ne da kuɗi masu yawa fiye da wannan da kike tsoro. Ki zauna cikin satin nan ki rubuta shafi biyun nan, tambayarki, shekarun da za ki duba, su wa za ki yi hira da su, waɗanne takardu ke hannunki, ki ba wani malaminki na Cape Coast da kike yarda da shi ya tsage miki gaskiya kafin ki tura wa kowa a Tek ko Legon. Ki gaida maigidan da yaron.